Kalmar da na jefi mahaifina da ita a kantin ƙasar waje

Edita, na daɗe ina juya wanga zance a raina, yau dai na ce bari in rubuto, ko na samu sauƙi. A lokacin da abin ya faru ni matashin ma'aikaci ne a Filinge, sabon shiga biro, wato ofis, mai ji da Faransanci da gugaggiyar riga. Mahaifina kuwa ɗan kasuwar hatsi ne, ya fi shekara arba'in a rumfa guda. Bai taɓa zama ajin lakwal ba, wato makarantar boko, amma in ya damƙi hatsi ya tauna ƙwaya biyu, zai gaya maka na Sanam ne ko na Damana, na bana ne ko na bara. Duk ƙasarmu ta Kurfai an san shi da wannan.

Ciwon ido ne ya kai mu wata ƙasar Larabawa da ake jin Faransanci, ni ne ɗan rakiya kuma tafinta. Aiki ya yi kyau, sai dai abinci ya gagare shi. Kwana tara yana tura burodi da shayi, kullum zancensa fura da kunun gida, har ya rame. Da likita ya yarda ya fita, sai ya roƙe ni in kai shi kasuwarsu, wai ba a rasa hatsi a garin da mutane ke kwana. Na kai shi wani ƙaton kanti mai sanyi kamar randa. Tun daga ƙofa ya yi sallama da ƙarfi, ba wanda ya amsa. Ya gai da wata ma'aikaciya, ya tambaye ta gida da gajiya, ta dube shi ta wuce. Ya tambaye ni ina masu kayan suke, wa ake tayawa. Ni kuwa kunya ta fara cina, ina ta jan hannun rigarsa ina ce masa ya rage murya.

Can wajen shinkafa da wake sai ga hatsi a ƴan ƙananan ledoji. Wayyo, Edita, da kun ga fuskar tsohon nan! Kamar ya gamu da ɗan'uwa a bariki. Kafin in ankara ya yage bakin leda, ya zuba a tafin hannu, ya hura, ya kai baki, kamar yadda ya saba yi duk ranar Lahadi a kasuwar garinmu. Ya juyo yana murmushi zai gaya mini wani abu, sai ga mai gadi a kanmu yana faɗa, mutane suka tsaya kallo. Da na ce tsoho ne baƙo, za mu biya, da magana ta mutu nan. Amma don in wanke kaina, don su san ni ba irinsa ba ne, sai na yi ƴar dariya na ce wa mai gadin da Faransanci ya yi haƙuri, tsohon burusar ne, wato ɗan daji, bai san komai ba. Mai gadin ya yi dariya ya tafi. Na ɗauka Baba bai ji ba. Ya dai mayar da ƙwayoyin cikin ledar a hankali, ya miƙo mini, ya ce mu koma masauki. Kunun da na dama masa ranar ko cokali uku bai sha ba.

Bai ta da zancen ba sai da muka sauka Yamai muka kama hanyar gida. Mun wuce Bonkuku, yana kallon gonaki ta taga, sai ya ce mini cikin sanyin murya shi Faransancinsa bai kai kalma goma ba, amma waccan ya san ta tun yana kai hatsi gidajen ma'aikata a ka. Ya ce saboda ita ya sa ni lakwal, alhali ƴan'uwansa na yi masa dariya, don kada a sake faɗa wa wani na gidansa ita. Ni kuma na ce a raina sai mun huta in je in durƙusa. Yau da gobe, aiki, tafiya, girman kan banza, har kaka ta wuce. Bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya, shi ya sa na yi ta jinkiri. Kafin wata damina Allah Ya karɓi abinsa.

Wallahi ina kewarsa, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba. Abin da ya fi cina shi ne har yau ban san me ya juyo zai gaya mini game da hatsin nan ba, ni na katse shi. Na gane ilimin da zai sa ka ji kunyar wanda ya biya maka shi, nauyi ne kawai ka ɗauko. Ƴan'uwana masu rakiyar tsofaffi asibiti ko Makka ko wajen ɗiyansu a Turai, in tsohonka ya yi kuskure a gaban baƙi, ka tsaya a gefensa a yi muku dariyar tare. In kuma harshe ya riga ya zame, ka nemi gafara a ranar, kada ka jira a huta. Mai gadin nan ya manta da mu kafin mu kai ƙofa. Ni kuwa ga ni da furfura, ina neman wanda zan ce wa ya yafe mini, babu shi.