Baitin Da Ozella Ta Haɗiye

Duk wanda ya tashi a garinmu na gefen kogin Misisipi a Amurka ya san Ozella Pickens da farar hularta a kujerar gaba ta coci. Uwar coci ce, kuma uwar coci ba ta rera buluz, don a wurinsu kiɗan mashaya ne. Sai dai yayanta Cleotis da gita ya rayu, da ita ya mutu.

A shekarar da baƙaƙen fata suka dage sai an rubuta sunayensu sun yi zaɓe, Cleotis ya je rubuta suna shi da mutum shida. Wani ya kai tsegumi wurin mai gonar audugar da suke wa aiki. Aka kore su daga gidajen gona, aka karya wa Cleotis yatsu uku. Da sauran yatsun ya tsara waƙa mai baiti huɗu, na ƙarshen ya kama sunan munafukin: Elbert, mijin Ozella. Lokacin tana da tsohon ciki da goyo, ina za ta? Ta zauna tana dafa masa wake da gurasar masara fiye da shekara hamsin. Yanzu ma da ƙafafunsa suka mutu, ita ke juya shi a gado, wani lokaci cikin tausayi, wani lokaci cikin tsana.

Ran nan da hantsi wata Renita, mai shirya fim kan gwagwarmayar zaɓen nan, ta kafa kyamara a barandar Ozella.

"Mama, ke kaɗai kika rage da waƙar nan. In kin tafi da ita, kamar ba a taɓa karya yatsun ba ne."

"Ke 'yar nan, kin ga hular nan kuwa? So kike fasto ya gan ni a talabijin ina waƙar 'yan giya?"

"To ki faɗi kalmomin kawai."

"Ji ta! Ai da faɗi da rerawa duk bakin ɗaya ne."

Ba faston take tsoro ba. Jikokinta tara sunan Pickens, na gidan Elbert, suke amsawa, kuma babu wanda ya san abin da kakansu ya yi. Amma hannun Cleotis ya ƙi barin idonta. Ta cire hular, ta kife ta a cinya, ta rera baiti uku da muryar da ba ta san tana da sauranta ba. A nan ta tsaya.

"Iyakarta ke nan," in ji ta.

Daga ɗaki muryar Elbert ta ratso ƙofar raga: "Ozella, kin bar ɗaya."

"Tsufa ke damunsa," ta ce wa Renita, ta mai da hular kanta, ta shiga ciki.

Elbert ya dube ta, hawaye na gangara cikin kunnensa. "Tun waccan shekarar nake jiran ki rera shi, ko na huta."

Ta tsiyaya maganinsa a cokali.

"Buɗe baki," ta ce.