Kujerar Bakin Ƙofa

Gidanmu ne na ƙarshe a Gashua in ka kama hanyar Nguru, don haka 'ya'yana motar makaranta take ɗauka a ƙarshe. Tsohuwar bas ce, ƙofarta ta daina kulluwa tun kafin mu san ta, da igiya direban yake ɗaure ta. Cusa yara yake kamar buhunan tattasai, wanda ya shiga ƙarshe kuwa shi ne a bakin ƙofa. Kullum ɗana ne a wurin, ƙanwarsa a cinyarsa.

Na yi wa direban magana har na gaji. Dattijo ne mai fara'a, irin wanda ko ka zo da faɗa sai ka rasa ta inda za ka fara. Dariya yake yi, ya ce igiyar nan ko sa aka ɗaure da ita ba zai tsinka ta ba, kuma Allah ne mai tsarewa. Maigidana ma cewa yake na cika mita.

Igiyar ba ta tsinke ba, kwancewa ta yi. Wata safiya babbar motar shanu ta taho daga Nguru, direban ya kauce mata ya faɗa rami, ƙofa ta buɗe. Yaran da ke ciki sun ce sai da ɗana ya tura ƙanwarsa ciki sannan ya faɗo. Ban sani ba ko don su sanyaya mini rai suka faɗi haka. Ko asibiti bai kai ba. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba saboda kunya. Ranar na yi ta kira a gaban surukaina.

A zaman makoki direban ya zo da manyan unguwarsu, yana kuka. Maigidana ya ce ya yafe, kwana ne ya ƙare. Ni ba wanda ya tambaye ni, kuma har yau abin yana ci mini rai.

A lokacin ana ta magana a rediyo kan gyara dokar motocin 'yan makaranta, wai a rage cunkoso, a riƙa duba lafiyar mota. Na so a yi. Amma yarinya ba za ta zauna a gida jiran doka ba, ga makaranta da nisa, motar kuma ita kaɗai ke zuwa unguwarmu.

Bayan sadakar arba'in na yarda ta koma. Da sassafe, tun ban dama mata koko ba, sai na ji hon. Na fito na tarar da motar ba kowa a ciki, an sa wa ƙofa sabuwar igiya. Direban ya sauko, ya kasa haɗa ido da ni.

"Hajiya, na juya hanya," ya ce. "Daga yau da gidanku zan fara. Can ciki za ta zauna."

Na zaunar da ita can ƙurya, kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai da motar ta tashi na tuna gidan da yanzu ya koma na ƙarshe. Na san matar gidan, ita ta riƙe ni ranar da aka shigo da gawa. Yaronta bai ma kai nawa girma ba.