Ubale da Takardun Na'ibi

Shekara takwas muna maƙwabtaka a unguwar Nuzla ta Jidda ina kiransa Na'ibi, ashe sunansa Ubale. Wallahi har yau abin na ci mini rai.

Tela ne a Damagaram. A 1964 jandarmomi suka tsinci katin jam'iyyar adawa a aljihun keken ɗinkinsa, shi ke nan, sai kurkukun hamada, fasa dutsen hanya. Sarƙa ɗaya aka ɗaure su da wani Na'ibi, wanda aka kama yana shirin hajji. Gudawa ta kashe Na'ibin a shekara ta biyu, amma kafin ya cika ya gaya wa Ubale gidan da ya ɓoye fasfonsa.

Da aka saki Ubale babu haƙoran gaba, babu mai ba shi takarda, kullum ana bibiyarsa. Ya ɗauko fasfon nan, ya liƙa hotonsa, ya bi ta Sudan ya tsallako Jidda. Ya samu kafili mai tsaya masa, takardar zama ta iƙama ta fito da sunan mamaci, ya kama dako a tashar jiragen ruwa. Ya san ranar da asiri ya tonu, kurkuku zai koma.

To, ka san bakin alhazanmu, ba ya riƙe komai. Wani ya koma gida ya baza cewa Na'ibi na raye a Jidda. Hajjin 1975 sai ga wata tsohuwa, Dela, uwar mamacin. Gonarta ta sayar ta taho. Ni sarkin shisshigi na rako ta har ƙofarsa, ina ta washe baki.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta tambayi inda ɗanta yake. Da ya so, da ya ce suna ne ya zo ɗaya. Sai ya durƙusa a gabana ya faɗa mata komai, har ramin da suka tura gawar babu wanka babu likkafani.

Ba ta yi kuka ba. Ya miƙo mata ruwa, ta ƙi karɓa.

Ta ce, "Da can na yi masa sadaka, na haƙura. Kai ka tayar mini da shi, yau kuma ka sake kashe shi."

Ya ce, "Inna, ki kai ni hukuma."

Ta ce ba za ta kai shi ba, ya riƙe sunan, ya ci gaba da amsawa. Ta kama hannuna muka fito.