Ƙafar Ɗan Fari

Wata rana, a wani asibitin ƙashi, likita ya ɗaga wata 'yar sifana sama ya ce, "Wa zan koya wa?"

Mata biyu ne tsaye a bakin gadon. Ɗaya ta matso. Ɗaya ta ja baya har sai da ta jingina da bango.

Wadda ta ja bayan ita ta haifi yaron da ke kwance. Sunanta Zuwaira.

Yaron, Nazifi, ɗan farinta ne. Ita kuwa Zuwaira irin matan nan ce da suka tashi cikin alkunyar ɗan fari tsantsa. Ba ta kiran sunansa, "yaron Inna" take cewa. Ba ta zama kusa da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye shi yake ɗakin kakarsa, Inna Dudu, uwar mijinta. Shi ma "Adda" yake ce mata, kamar wata yayarsa.

Kada ku ce ba ta son sa. Wallahi ko tari ya yi a tsakar gida sai gabanta ya faɗi. Nunawa ce dai abin kunya.

Tun yana ƙarami wani ciwo ya taɓa masa ƙashin ƙafar hagu, ta ƙi girma daidai da 'yar'uwarta. Yana girma ɗingishin na ƙaruwa, har bayansa ya fara karkacewa.

Sai likitoci suka ce za a iya ƙara wa ƙafar tsawo.

Ga yadda abin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Ana yanke ƙashin gida biyu. A kewaye ƙafar da zobban ƙarfe, a soka tsinkaye su ratsa nama su kama ƙashi. Daga nan kullum a riƙa murɗa noti kaɗan-kaɗan, ƙashin yana rabuwa, sabo yana tsirowa a tsakani.

Ni da na ji kawai, sai da tsigar jikina ta tashi.

Bayan an yi wa Nazifi aikin, likitan ya koya wa Inna Dudu murɗawa, ya ce ta haɗa da lokutan salla don kada ta manta. Wata nas ta ɗiga jan farce a gefe ɗaya na notin, don a riƙa ganin yana juyawa.

Sannan ya ja musu kunne: "Idan aka daina murɗawa, ƙashin zai haɗe a gajarcensa. Sai an sake yankawa."

Zuwaira na jingine da bango, amma maganar ta shige ta har ɓargo.

Aka dawo gida. Baban yaron direban tanka ne, hutunsa ya ƙare, ya kama hanya. Gida ya rage daga tsohuwa sai suruka sai yara.

Da an idar da salla, sai kuka ya tashi daga ɗakin Inna.

Ba ihu ba ne. Wani siririn kuka ne na yaron da ke son ya nuna shi namiji ne amma abin ya fi ƙarfinsa. Zuwaira na kicin, ta riƙe muciya ƙam, bakinta na motsi da addu'a har sai ya lafa.

Ta tsani kukan nan. Ta roƙi Allah Ya kawo ƙarshensa.

Sai kuwa ya ɗauke.

Aka yi Azahar, shiru. Aka yi La'asar, shiru. Har dariyarsa ta jiyo, shi da kakarsa suna ta tsokanar juna, tana ce masa miji mai ƙafar ƙarfe.

Da farko ta ji sanyi a ranta. Ta ce ƙila ya saba.

Washegari ta kai kunu ɗakin. Ta durƙusa ta ajiye, ta saci kallon ƙafar. Ɗigon jan farcen na fuskantar taga.

Da ta koma ɗaukar kwano da rana, yana fuskantar taga.

Kashegari ma, taga.

A nan ta gane an daina murɗawa.

Ta fita ta tsaya a bayan ƙofa. Can sai ta ji Inna Dudu na ba wata maƙwabciya labari a tsakar gida.

"Ni na yi jinyar karaya ta fi a ƙirga. Ƙashi hutu yake so. Wa ya taɓa jin an yi ɗori ana bi ana motsawa? Yaron nan sai da ya riƙe hannuna yana roƙona. Na ce a bar shi ya ɗan murmure tukuna."

Ku fahimce ni, tsohuwar nan ba muguwa ba ce. Za ta iya ba da ranta a kan jikan nan. Abin da ta sani game da ƙashi gaskiya ne, sai dai wannan aikin kishiyarsa yake buƙata.

Zuwaira ta yi ta juya magana a baki. Da La'asar ta tattaro duk ƙarfin halin da Allah Ya ba ta, ta leƙa ɗakin.

"Inna, kamar dai an kira salla... ko lokacin abin nan ya yi?"

Tsohuwa ta riƙe haɓa. "Iye! Yau kuma ke ce mai bin bahasin ɗan fari? Lallai zamani ya zo mana. To shigo ki goya shi mana!"

Maƙwabciyar ta sheƙe da dariya.

Zuwaira ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta juya da sauri ta koma kicin.

Mijinta ya bugo waya ya tambayi jikin yaro. Maganar ta zo har maƙoshinta. To amma ta kai ƙarar uwarsa? Kuma a kan ɗan fari? Kunya biyu a baki ɗaya.

Ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Daga nan abinci ya daina shiga. Duk kiran salla sai ta kasa kunne, tana roƙon Allah Ya sa ta ji kukan da a da take roƙon ya tsaya. Tana wanke-wanke tana hango ƙashin yana haɗewa, a hankali, babu mai ji.

Haka aka yi ta tafiya har ranar komawa asibiti ta zo.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ɗaga shi a gaban haske, ya daɗe yana kallo. Ya sauke. Ya sake ɗagawa.

Inna Dudu ta fara bayanin ɗori, ya ɗaga mata hannu cikin ladabi. Ya waiwaya wajen matar da ke jikin bango.

"Ke ce mahaifiyarsa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kin san an daina murɗawa?"

"Na sani."

"Me ya hana ki magana?"

"Ɗan fari ne, likita."

Likitan ya ce, "To ƙashin ya haɗe. Sai mun sake yanka ɗan farin."

Inna Dudu ta zube a kujera tana salati, tana cewa ita da kanta ta cuce shi. Zuwaira ko hawaye ba ta iya yi ba.

Ranar aikin, aka turo Nazifi a gadon tiyata. Leɓensa ya bushe, idonsa na bin silin. Wannan karon ya san abin da ke jiransa, shi ya sa tsoronsa ya ninka na farko.

Kakarsa ta kasa tashi. Karon farko a rayuwarta, Zuwaira ta bi gadon a gaban jama'a, ta kama hannunsa. Sanyi ƙalau.

Ya dube ta ya ce a hankali, "Adda, ai ranar da kika kawo kunu na ga kin kalli notin."

Ta ƙara riƙe hannunsa.

"Ni ma tsoro nake ji kar ya haɗe. Na jira ki yi magana. Da na ga kin yi shiru, sai na ce ashe ba komai."

Aka tura gadon ciki. Ƙofa ta rufe.

A nan Zuwaira ta durƙushe a ƙasa, ta fasa wani irin kuka da ya sa mutanen da ke layin karɓar magani suka juyo.

An yi aikin, ya farfaɗo. Yanzu sifanar a hannunta take. Ita ke murɗawa, yana kuka tana kuka, ba ta fasawa. Amma likita bai ɓoye musu ba: jinya ta koma farko, kuma ba shi da tabbacin ƙafar za ta kai tsawon da aka so tun asali.

Har yau, duk ranar ɗaukar hoton ƙashin, Zuwaira ba ta iya karya kumallo.

Darasi: Alkunya ado ce, ba na musu. Amma ɗanki yana karanta fuskarki ko da ba kya kiran sunansa. Idan kika ga haɗari kika yi shiru, shi a wurinsa kin ce masa lafiya lau ne. Gara a yi miki dariya a tsakar gida da a sake shigar da shi ɗakin tiyata. Ku kuma iyayenmu kakanni, tausayinku ba ya maye gurbin umarnin likita.

Idan ka san gidan da ake jinyar yaro, tura musu wannan tun yau. Wataƙila akwai wata uwa a bayan ƙofa da ta ga wani abu, tana neman wanda zai ce mata ta yi magana.