Motar da Ta Kai Yaya Guri

Mun bar Haɗeja ana idar da sallar asuba, ni da yayata da ƙanenmu. Kun san ni, ko ƙofar gida sai dole. To, 'yar Yaya ce ta haihu a Guri, ita kuma Yaya ciwon fuka ya daɗe da raba ta da shiga mota. Warin fetur kaɗai ya isa ya sa ta kwana a zaune. Shi ya sa ƙanenmu, da yake tuƙi a Kano, ya aro motar maigidansa mai aiki da lantarki.

Ina cewa ya tayar mana mu tafi, ashe har mun bar layinmu. Shiru kamar an tura ta da hannu! A hanyar Kirikasamma na ji kukan agwagin ruwa daga fadama, na ji masunta suna kiran juna. Abin da na fi kasa wa kunne shi ne ƙirjin Yaya, kuma ban ji fiton nan da ya saba yi ba. Ƙanenmu ya ce mota mai fetur yawancin abin da ta sha zafi yake zama da hayaƙi, wannan kuwa kusan duk abin da ta ci a taya yake ƙarewa. Awaki ne kawai ba su yarda da ita ba, sai an yi musu oda suke kaucewa.

Mun tsaya sayen bandar kifi, tsada kamar ba a bakin ruwa muke ba.

A Guri mutanen gida sun zauna jiran ƙarar mota su fito da guɗa. Sai sallamarmu suka ji a tsakar gida. Mai jego ta ce, "Inna, da ƙafa kuka zo?" Yaya ta karɓi jariri, ta sunkuya ta shaƙi ƙamshin kansa har ƙarshen numfashi. Na juya na share ido.

Da la'asar aka ce caji ba zai mayar da mu ba, ga shi babu wuta. Aka jona motar a janareton maƙwabci mai injin casar shinkafa. Hayaƙi ya tsallako katanga, Yaya ta fara tari har da riƙe bango. Na ce, "Ƙanena, don Allah kashe, gara mu kwana." Kashegari aka kai motar wani shago mai sola, ta wuni tana sha a hankali kamar mai jego da kunun kanwa.

Mun iso gida da magariba, Yaya tana gyangyaɗi lafiya lau. Ni dai abin da na koyo, ba a bayan mota kawai ake neman hayaƙinta ba, a tambayi inda ta ci. Ina ta tunanin matar mai injin nan da take shaƙar hayaƙin janareton kullum.

Yaya kuwa tun a zaure ta kama hannun ƙanenmu. "Ranar arba'in fa, za a ba ka motar?"