Dutsen da Ke Gindin Taya

Motarmu a-kori-kura ce fara, ko in ce ta taɓa zama fara. Maigidana ya saye ta tun yara na ƙanana, yana ɗaukar masara da dawa daga Burumburum zuwa kasuwar Tudun Wada, wani lokaci har Dangora. Da ta tsufa sai ta daina tashi da makulli. Birkin hannu ya mutu, giya kuma ko an bar ta a ciki zamewa take yi. Dabarar da ya samu ita ce ya riƙa ajiye ta a kan gangaren ƙofar gidanmu, hancinta na kallon zaure, ya tokare tayar gaba da wani baƙin dutse. Da safe ya shiga, a zare dutsen, ta gangaro tana tari har ta kama, ya karya kanta kafin ta kai katanga. Duk ɗan gidan ya san ba a taɓa dutsen nan.

Babban ɗanmu, wanda bakina ba ya kama sunansa, shi ke tuƙa ta in uban ya gaji. Kullum maganarsu ɗaya ce.

"Baba, a sayar da ita a sayo wata. Wannan ai makara ce mai taya."

"Injinta ya fi ƙirjinka lafiya. Birki ne kawai da sitata. Bayan girbi zan kai ta gareji."

Girbi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Ni ban cika sa baki ba. Na san a bayan motar nan ya kwantar da mahaifiyarsa ranar da ya kai ta asibiti, a bayanta kuma ya dawo da ita a lulluɓe.

Ranar sunan jikata ta fari, dangin matar ɗana suka zo daga Ba'awa, gida ya cika da mata. Wurin girki ya yi kaɗan, aka ce a kafa murhu a waje. Sun sami duwatsu biyu, suna neman na uku. Baƙi ne, babu wanda ya gaya musu. Wata ta hango baƙin dutse a gindin taya, ta sa taɓarya ta doke shi ya fita.

Ina fitowa da ƙwaryar shinkafa na ga motar tana tafiya ba kowa a ciki. A hankali ta fara, ba ƙara ko kaɗan. Autata, 'yar shekara bakwai, tana zaune a jikin katangar zaure tana cin waina, ta ba wa motar baya. Motar ta kifar da tukunyar ruwan zafi, ta take tabarmi, ta daki katanga. Ƙasa ta rufto. Ƙafar yarinyar na tsakanin ƙarfe da bango, na ji ƙarar ƙashin kamar an karya karan dawa.

Maza suka taru suka tura motar baya. Na zaro ta, ƙaurinta ya lanƙwashe inda babu gaɓa, wainar na nan a hannunta. Maigidana ya duba ta, ya ce, "Alhamdu lillahi, da ranta." Sai ya juya ya leƙa gaban motar, ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa, "Lagireto ya fashe."

Ɗana ya ji. Gatarin faskaren biki na kusa, ya sure shi. Sara ɗaya gilashin gaba ya tarwatse. Ya sari fitila, ya sari ƙofa, yana ihu, "Lagireto? Lagireto, Baba?" Uban ya zaro ƙarfen kwance taya ya maka masa a kafaɗa, ya ƙara masa a goshi. Jini ya wanke farar rigar sunan. Ɗan da bai taɓa ɗaga ido ya kalli ubansa ba ya tsaya da gatari a sama. Mata na salati, surukai na kallo. Na ratsa tsakaninsu da yarinyar a kafaɗata, na tsaya har suka sauke.

Aka kira maɗori, wani dattijon Bafulatani daga rugar bayan gari, wanda ke ɗora mutane da shanu. Ya shafa ƙafar, ya ce a ba shi namiji mai ƙarfi ya danne ta, uban kuma ya fita, don a wurinmu uba ba ya tsayawa ɗorin ɗansa. Maigidana har ya sa takalmi.

Na ce masa, "Malam, kai za ka riƙe ta."

Ya kalle ni. Ban taɓa ba shi umarni ba, balle a gaban mutane. Na sake cewa, "Don Allah, kai."

Ya zauna ya rungume ta ta baya. Dattijon ya yi bismilla ya ja ƙafar. Ihun da ta yi har yau ina jin sa in ina daka. Ta gantsara wa uban cizo a dantse har haƙoranta suka nutse, tana cewa, "Baba, tare motar! Baba, ga ta nan!" Bai saki ba. Gumi da hawaye suka haɗu a gemunsa har aka gama ɗaure karare.

Washegari bakanike ya zo da kansa, ya ji labari, yana cewa motar za ta gyaru. Maigidana ya ce masa ya koma. 'Yan gwangwan ya kira. Suka yanka ta a nan ƙofar gida, yana zaune yana kallo, ɗansa na gefe da ɗaurin goshi.

Daminar nan a motar haya muka kai masara. Sai bayan girbi su biyu suka je Kano suka sayo wata, tsohuwa ita ma, amma tana tashi da makulli. A fili yake ajiye ta, can ƙarƙashin darbejiya. Autata tana tafiya, sai dai in an yi sanyi takan ɗan ja ƙafar. In uban ya hango ta, sai ya juya ya kama wani aiki.