Clorinda Mai Suyar Yashi

Ranar da aka fara ɗaura wa jirgin ƙasan ma'aikata kai mai lantarki, ranar Clorinda Ahumada ta sha kunyar da ta bi ta shekara talatin da ɗaya. Lokacin amarya ce, wata huɗu da aure, tana ganin duk tashar Barón babu mai baki irin nata, kuma gaskiyarta, babu. Ta iso dandamali da langar wake ɗaure a tsumma, kamar yadda matan ma'aikata suka saba: a miƙa wa mutanen kan jirgi, su ajiye a gefen murhu, kafin a kai inda miji yake aiki abinci ya yi zafi.

Direban ranar Belisario Tapia ne, saurayi mai gashin bakin da ya fi ƙarfin fuskarsa. Ya leƙo ta taga cikin farar riga, ko ɗigon baƙi babu.

"Karɓi, Belisario. Na Nolberto ne, yana Limache. Sa masa kusa da murhu, kada ka ƙona mini gindin langa kamar rannan."

"Wane murhu?"

"Na kakarka. Murhun jirgi mana!"

"Wannan ba shi da murhu, Clorinda."

"To da me yake tafiya? Da addu'ar Fadan coci?"

Ya nuna mata wayar da ke sama. Ta ɗaga kai ta duba, ta dube shi.

"Igiyar shanya ce za ta ja tarago takwas? Ɓoye shi kuka yi don kada talaka ya ɗumama abinci. In abin nan ba shi da murhu, a tsaye zan cinye waken nan da sanyinsa, kowa yana kallo."

Belisario, ɗan banza, sai ya buɗe mata ƙofa. Ta tattare siket ta hau. Ta buɗe nan, ta leƙa can, ta kai hannu wata 'yar ƙofa ya buge hannun, ya ce, "Wannan in kin taɓa, ke za ki dahu." Can ƙasa ta hango wani akwatin ƙarfe mai murfi. Ta yi guɗa ta ɗaga murfin. Yashi ne, cike fal.

A tsaye ta cinye waken, kitse ya daskare a kai kamar kyandir, mutum ɗari uku suna tafa mata ta tagogi. Nolberto ya wuni da yunwa a Limache. Daga ranar, ko yaron da aka haifa bayan shekara goma ya san wace ce Sanyin Wake.

Amma akwatin nan bai fita ranta ba. Abu ba ya cin kwal, ba ya shan ruwa, me zai yi da yashi? Nolberto ya bayyana mata, shi da ya shekara bakwai yana zuba kwal: ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi. In an yi yayyafi, ko ganye ya kwanta a kan dogo, ƙafafun jirgi sai su yi ta juyawa wuri ɗaya. Direba ya ja wani hannu, yashi ya zubo ta bututu a gaban ƙafafun, su samu abin kamawa. Lantarki ya kori kwal, bai kori tudu ba.

Ya kori Nolberto dai. Da aka rage masu zuba kwal, sai aka tura shi rumfar yashi a ƙarshen yadi, wato filin ajiye jirage, wurin da ake kai wanda ba a san yadda za a yi da shi ba. Rumfar kwano ce, da murhun bulo, da faffaɗan farantin ƙarfe a kai, da ɗaki ɗaya manne a bayanta. A ɗakin nan aka haifi 'yarsu Fresia, Belisario ya riƙe ta ranar baftisma, don haka wanda ya ba Clorinda kunya ya zama compadre, wato uban baftismar 'yarta, ita kuma comadre ɗinsa, dole ta riƙa gaishe shi. Shekara tara Nolberto yana soya yashi yana tari, ƙurar kwal ta dā ba ta taɓa barin ƙirjinsa ba. Aka binne shi ranar Talata. Ranar Laraba da safe hayaƙi yana tashi a rumfar, Clorinda ce riƙe da shebur.

Hukumar jirgin ƙasa ba ta rubuta sunan mace a aikin yadi. Shugabannin lokacin suka dubi takarda, suka dubi yashin, suka ga ya fi na marigayin kyau, suka kau da kai. Haka Nolberto Olguín ya ci gaba da zuwa aiki a takarda shekara ashirin da biyu, bai taɓa makara ba, bai taɓa zuwa a buge ba. Duk layin babu namijin da ya kai shi kirki, sai da ya mutu.

Aikin kuwa ba wasa ba ne, ko da yake maza sun ɗauka haka tun da mace ke yi. Yashin kogin Aconcagua kaɗai take karɓa. In tarago ya kawo, kafin a sauke sai ta ɗebi kaɗan ta ɗora a harshe. In ta ji ko alamar gishiri, a mayar. Sai ta baza shi a faranti ta yi ta juyawa kamar mai suyar alkama, ta tankaɗe sau biyu, ta damƙa a hannu. In ta buɗe hannun ya tsaya a dunƙule, bai yi ba. Sai wanda ya tsiyaye ta tsakanin yatsu kamar ruwa. Girarta ta ƙone tun tuni ba ta sake fitowa ba, abin da ya sa kullum fuskarta kamar ta wadda aka yi wa ƙarya ba ta yarda ba.

Sai aka turo sabon injiniya daga Santiago, Valdivieso, yaro mai karatu, mai takalmin da kana iya gyara gashinka a cikinsa. Ba mugu ba ne. Cutarsa ɗaya: in ya ga hayaƙi sai ya ji kamar shi aka zaga. Sati biyu da zuwansa ya bi hayaƙin har rumfa, da takarda a hannu.

"Ina Nolberto Olguín?"

"Yana maƙabartar Playa Ancha, Señor. In saƙo ne ba ni, ina zuwa ran Lahadi."

Ma'aikatan da ke kusa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Injiniya ya yi ja har kunnuwa. Ya ce yadin jirgin lantarki ne wannan, ba gidan gasa burodi ba. Ya riga ya samo mai kawo yashi daga bakin teku, fari tas, a buhu, ba ya buƙatar suya. Rumfa za a rushe. Tun da mai aikin ya mutu, aikin ya mutu, ɗakin kuma na hukuma ne, tana da zuwa ƙarshen wata.

Clorinda ta je wurin sababbin buhunan, ta farke ɗaya, ta ɗora a harshe, ta tofar dab da takalmin nan.

"Wannan ka zuba a miya, ɗana. Gishiri ne."

"Busasshe ne, Señora. An auna."

"A Santiago busasshe ne. Nan teku ke numfashi a kanmu dare da rana. Gishiri yana jin danshi zai sha, ya kame a bututu kamar siminti."

"A wace makaranta kika karanta haka?"

"A gishirin kicin ɗina, duk watan Yuni in danshi ya sauka."

Ya sa aka kashe murhun, ya sa wa rumfar kwaɗo da hannunsa, ya jefa makulli a aljihu.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma fara ɗaure kaya ba, duk da Fresia ta zo daga Quilpué har sau biyu tana roƙonta. Buhu ɗaya na suyarta ta ƙarshe yana ƙarƙashin gadonta. Ta kai wa Belisario, wanda yanzu gashin bakin ya yi fari, saura wata biyar ya ajiye aiki.

"Ajiye wannan a kusa da kai, compadre."

"Comadre, ki rufa mini asiri. Ya ce duk wanda ya ɗauki yashinki, kora."

"Shekara talatin kana jan jirgi da igiyar shanya, ashe kai ma da ita aka ɗaure ka."

Sai ta ja buhunta ta koma jira, tana kallon sama kowace safiya. Ranar Asabar ta uku, saura kwana huɗu wa'adinta ya cika, gari ya waye da yayyafin nan mai laushi da ba ya jiƙa riga sai ƙashi. Ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta sayi tikitin jirgin da ke tashi ƙarfe ɗaya na rana, wanda ke kwashe ma'aikatan tashar jiragen ruwa da na masaƙa zuwa gida. Ta ja buhunta har cikin tarago ta zauna a kai. Ta san injiniya yana taragon gaba, duk Asabar yana zuwa cin abinci gidan surukansa.

"Sanyin Wake, yau kuma me za a ɗumama?" in ji wani ɗan dako.

"Uwarka, in ta shigo."

Jirgi ya wuce Viña lafiya. Bayan El Salto aka fara hawa, inda bishiyoyin turare ke zubar da ganye a kan dogo. Tafiya ta ragu, ta ƙara raguwa. Sai aka ji kan jirgin ya yi wata ƙara kamar ana wasa wuƙa dubu, tartsatsi na tashi, tarago na jijjiga, amma itatuwan da ke waje suna nan inda suke. Belisario ya ja hannun yashi har ya kusa ɓalle shi. Ko ƙwaya ba ta zubo ba. Ya taka birki, mutum ɗari takwas suka tsaya a tsakiyar tudu da yunwar rana.

Clorinda ta ciro saƙarta ta fara.

Ba a jima ba ga Belisario a bakin tarago, ruwa na ɗiga daga hularsa.

"Comadre."

"Compadre. An iso ne?"

"Don girman Allah, buhun."

"Wane buhu? Wannan kujerata ce. Kayan fasinja ne, zan kai wa Fresia ta shuka albasa."

Taragon ya kaure. Wasu na zaginta, wasu na roƙo, wata mata ta ce ta bar jariri a wurin maƙwabciya. Nan kaɗai allurar saƙar ta ɗan tsaya. Clorinda ta dubi matar, ta ce, "Yi haƙuri, 'yata, minti biyar. Wanda ya zuba gishiri shi zai zo ya ɗauka."

Injiniya ya zo. Ya ratso ta cikin tsakuwa da taɓo, takalmin ya zama abin tausayi.

"Señora, na umarce ki..."

"Ba ni cikin takardarka, ɗana. Je ka umarci Nolberto."

Ya waiga. Mutum ɗari suna kallonsa, sauran ɗari bakwai suna tambayar me ya ce. A ƙarshe ya ce, "Don Allah." Ta miƙe, ta kakkaɓe siket. Ɗan dakon nan ya sunkuya zai ɗauka, ta taka buhun da ƙafa.

"Kai ka yi naka dakon tun safe. Shi."

Injiniya ya saɓa buhu a kafaɗar kwat ɗinsa. Suka wuce gaban kan jirgi, ita a dogon hagu, shi a na dama. Ta nuna masa yadda ake yi: a damƙa, a saki kaɗan-kaɗan, siriri kamar zare, ba a watsa ba kamar mai ba kaji. Belisario ya saki birki. Ƙafafun suka juya, suka ciji yashi da wani ƙaras-ƙaras, abin ya motsa. Haka suka tafi, tsohuwa mara gira da yaro mai karatu a gaba, jirgi na binsu a baya a hankali kamar saniya, har inda tudu ya kwanta. Buhun ya ƙare saura taku goma, amma ya isa.

A dandamalin Quilpué babu wanda ya tafi gida, har mai jaririn sai da ta ɗan tsaya. Clorinda ta tari injiniya ta miƙa masa tafin hannu.

"Makulli."

"Señora, ba zan iya barin matacce a takarda ba."

"To goge shi, ya gaji. Rubuta Clorinda Ahumada. Bai kai buhu nauyi ba."

Ya duba jama'a, ya duba takalminsa, ya ciro makullin. Amma namiji ne, ba zai sake shi ba sai ya ɗan tsira da wani abu. Ya riƙe shi a sama, ya gyara murya.

"Zan rubuta. Amma a fahimta, kuskuren mai kawo yashi ne, ba na injin ba. Injin nan na zamani ne, ba ruwansa da murhu. Ke ma kin sani, an ba ni labarin wakenki."

Dariya ta fara tashi. Belisario, da ke leƙowa ta taga, ya yi saurin mayar da kai ciki. Clorinda ta fizge makullin, ta jefa shi cikin rigarta, ta ɗaga murya yadda na cikin tagar zai ji.

"Cewa na yi yana da murhu, ban ce a cikinsa yake ba. Shi ne ka sa wa kwaɗo, ka ga inda jirgin ya tsaya. Kai kuma, compadre, fito da kanka: ran Litinin zan kawo maka wake, a tsaye za ka ci."